Sunan da Iro Ya Ƙi Yankewa

Duk wanda ya tashi tsakanin Ƙofar Marusa da Ƙofar Kaura ya taɓa riƙe aikin Malam Iro a hannunsa, ko ya sani ko bai sani ba: katin ɗaurin aure, kalandar masallacin unguwa, takardar jarrabawar Islamiyya, fostar ɗan takara. In ka kai idonka can ƙasa, inda takardar ta ƙare, za ka ga wani siririn layi da ƙananan haruffa: "An buga a wurin Iro, Ƙofar Marusa, Katsina." Fiye da shekara talatin layin nan bai taɓa ɓacewa daga aikinsa ba.

Ni kaina ban taɓa kula da shi ba sai da na dawo gida daga karatu, bayan shekara takwas a waje, aka ɗora mani hidimar katin auren ƙanwata Hafsat. Na tsara katin da kaina a kwamfuta, na kai masa. Da ya nuna mani gwajin farko sai na ga layin nan zaune a ƙasan furannina.

Na ce, "Baba, wannan na ƙasa ko za a cire shi? Yana ɓata tsarin."

Ya sauke tabarau zuwa kan hanci ya dube ni. "Ɗiyata, can inda kika yi karatu haka suke sakin 'ya'ya cikin kasuwa ba a san ubansu ba? Takarda ma tana da uba. In ba ki son sunana, masu bugu sun yi yawa a garin nan. Ki gaida Hajiya."

Na bar katin yadda yake. Amma daga ranar na riƙa biyawa ta shagon, ina zama a bencin bakin ƙofa, don ina son in san abin da ke sa mutum ya kori ciniki saboda layi ɗaya.

Shagon ɗan tsukuku ne, na uku a jerin shaguna shida. Tsohon injin bugu ya cinye rabinsa, baƙi, mai nauyi kamar giwa, wanda in ya tashi aiki sai ka ɗaga murya kafin a ji ka. Gefe guda ga injin yanka takarda da doguwar wuƙarsa. Malam Iro ya haura sittin, gajere ne, kuma tawada ta zauna masa a gefen farce zaman da sabulu ya gaji ya ƙyale. Yana da al'ada ta biyu bayan ta sunan: ba ya buga abin da bai karanta ba. Ko rasit ne sai ya ɗora yatsa ya bi shi layi layi, yana motsa leɓe.

Sai da na yi zuwa huɗu ko biyar kafin ya ba ni dalili, shi ma ba don na tambaya ba. Yana goge farantin bugu na injin ne kawai ya fara magana.

Ya ce lokacin yana da shekara ashirin da biyu yana aiki a wata maɗaba'a a cikin gari, zamanin da ake jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya da hannu. Ana dab da wani zaɓe aka kawo wa maigidansa rubutu, aka ce a buga ba suna. A kan wani Malam Yahaya ne, mai ba da magani a ƙaramin asibitin unguwa, wanda ya ƙi bari a kafa tutar jam'iyya a ƙofar gidansa. Takardar ta ce yana sayar da maganin gwamnati yana ɗura wa yara ruwan kala. Iro ne ya jera ta, harafi bayan harafi. Kwana biyu da watsa ta aka yi wa gidan Malam Yahaya ruwan duwatsu. Kafin mako ya zagayo ya loda iyalinsa a bayan a-kori-kura ya bar Katsina, bai sake dawowa ba.

"Ƙarya ce tsagwaronta," in ji Malam Iro. "Mutumin nan shi ya yi mani allura da na taka ƙusa. Kin san abin da ya hi ci mani rai? Har yau ba wanda ya taɓa tare ni ya ce, Iro, kai ka buga? Ba wanda ya sani. Da an sani, da na samu wanda zan roƙa gahwara."

Ranar da ya buɗe shagon kansa, abin da ya fara jerawa shi ne layin nan na ƙasa.

Saura mako biyar a yi zaɓen da ya wuce wata mata ta yi sallama a shagon. Malama Asabe sunanta, Bahaushiya ce daga wajen Malumfashi, tsohuwar malamar firamare da ta yi ritaya, kuma ita ke riƙe da muƙamin sakatariyar zumuntar mata a cocin Katolika. Ta zo da wasiƙar da bishop ɗinsu ya rubuta wa mabiyansa game da zaɓe, wadda aka mayar Hausa don masu ibada na cikin gari da na ƙauyuka. Daga baya ta gaya mani shago uku ta shiga kafin nan. Na farko ya ce injinsa ya lalace, alhali tana jin ƙararsa daga ciki. Na biyu ya ce ba takarda. Na uku ya yarda, amma da sharaɗin kada kowa ya ji daga wurinsa ta fito.

Malam Iro ya amsa gaisuwarta har ƙarshe, ya tambayi gida da gajiya da mutanen Malumfashi, sannan ya karɓi wasiƙar ya ɗora yatsa. Na ajiye kwafi ɗaya, ga kaɗan daga abin da ke ciki:

"Wanda ya ɗora hannu a kan littafi mai tsarki ya yi rantsuwar kama aiki, ko wane littafi ne, ya sani ba da mutane kaɗai ya ƙulla alkawari ba. Kujera amana ce, ba gado ba ce. Wanda ya yi wa jama'a alkawarin ruwa ya bar su da ƙishi, kada ya zaci buhun shinkafar jajiberin zaɓe zai wanke shi a gaban Allah. Ku ma masu zaɓe ba ku kuɓuta ba, domin yatsan da kuka dangwala naku ne. Duk wanda ya ce ku zaɓe shi don addininku ɗaya, ku tambaye shi yadda ya yi da amanar da addinin ya ɗora masa. Kowa ya tsaya a bayan aikinsa, ya amsa sunansa."

Ba a ambaci ɗan takara ko jam'iyya ba ko sau ɗaya. Malam Iro ya karanta sau biyu, sannan ya ɗago.

"Shi mai maganar, ya sa hannu?"

"Ga sunansa nan, Malam, ga hatiminsa."

"To wannan tana da uba. Ni sai in zama kawunta. Ki dawo Jumma'a da hantsi ki ɗauki rabi, sauran kuma mako mai zuwa."

Malama Asabe ta ce ta yi masa bayani a fili cewa ba lallai ne ya sa sunansa ba, su ba su nema ba. Ya ce mata ba don su yake sawa ba.

Ranar Lahadi aka raba rabin farko a coci. Da abin ya tsaya nan, da ba wanda zai ji. Amma ranar Talata da safe mutanen wata unguwa kusa da Ƙofar Marusa suka tashi suka ga an manna kwafi ɗaya a jikin ƙarfen tankin ruwansu. Tankin nan shekara uku ke nan da kafa shi, bai taɓa ɗigo ba. Masu kura ne ke sayar wa unguwar ruwa, a gindinsa ma suke hutawa. A samansa akwai allo mai ɗauke da sunan ɗan majalisar da ya kawo aikin, wanda yake neman komawa kujerarsa. Ba zan kama sunansa ba, Honorabul kowa ke ce masa. Har yau ba a san wanda ya manna takardar ba. Amma an san wanda ya buga ta, tunda ga shi nan a rubuce.

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne jerin shagunan nan shida na Honorabul ne. Fostocinsa ma, tun takararsa ta farko, Malam Iro ke bugawa.

Ina zaune a benci ranar Laraba bayan azahar wata farar mota ta tsaya. Wanda ya fito Alhaji Nasiru ne, na hannun daman Honorabul, kuma taubashin Malam Iro, ɗan kawunsa, wanda suka tashi gida ɗaya. Tun daga bakin titi ya fara.

"Ina limamin cocin? Ashe ka samu ƙarin girma ba ka gaya mana mun zo walima ba!"

Malam Iro bai ɗago daga injin ba. "Wa nike ji kamar bawana? Shigo mana, Nasiru. Ka yi hankali da rigar, nan wurin masu aiki ne."

"Bawanka? Ni da na goya ka?"

"Ka goya ni ka yar a kwata. Inna har ta rasu ba ta yahe maka ba."

Suka yi dariya, suka gaisa sosai, aka tambayi Mairo matar Malam Iro, aka tambayi yara da jikoki. Sai Alhaji Nasiru ya zauna a kan bandir ɗin takarda, ya ciro wasiƙar daga aljihu, an yage ta daga jikin ƙarfe, gefenta duk gam.

"Iro, Honorabul ranshi ya ɓaci. Ana ta yawo da maganar cewa shagon da ke cikin gininshi ne ke buga ma Kirista takardar zaginshi."

"An zage shi? Nuna mani wurin."

"Kai ma ka san abin da ake nuhi."

"Ban sani ba. Karatuna bai yi nisa ba. Ga yatsa, ga takarda. Nuna mani layin da aka yi ƙarya, in hita yanzu in ba shi haƙuri a gaban jama'a."

Alhaji Nasiru ya dubi takardar ya ninke. "Ba a ce ƙarya ba ce. An ce ba lokacinta ba ne, kuma ba bakin da ya kamata ya hwaɗe ta ba ne. Kai hwa Musulmi ne, Iro."

"Shi ya sa. Mi ya hwaɗa wanda liman bai hwaɗa ba ran Jumma'a, kana sahun gaba kana gyaɗa kai? Ko don liman bai rubuta an manna a tanki ba?"

Alhaji Nasiru ya sassauta murya. Ya ce abu biyu ne kawai, duka masu sauƙi. Na farko, sauran rabin da ba a ɗauka ba, ga su can a ɗaure, a sa su a injin yanka a rage ƙasansu faɗin yatsa ɗaya. Ba a ce ya ƙona ba, ba a ce ya hana matar kayanta ba. Sunan kawai. Na biyu, ya ciro wata takarda rubutun hannu ya miƙa. Amsa ce, a buga dubu biyu, ba suna.

Malam Iro ya ɗora yatsa ya karanta, leɓensa na motsi. Ban ga abin da ke ciki ba a lokacin. Daga baya ya ce mani cewa aka yi coci ta haɗa baki da abokin takarar Honorabul, har da sunan Malama Asabe da unguwar da take zaune. Na dai ga lokacin da yatsansa ya tsaya cak, ya daɗe bai motsa ba.

Ya miƙa masa abarsa. "Wa ya rubuta?"

"Masu kishin unguwa."

"Su zo su sa sunansu. Ko Honorabul ya rubuta tashi amsar. Ya ce bishop bai san abin da yake hwaɗi ba, ya ce tankin cike yake da ruwa idon mutane ne bai gani, duk abin da ya ga dama. Ya sa hannu, wallahi yau zan buga mashi, in sa sunana a ƙasa kamar yadda na sa ma waccan. Amma wannan marar uba, na taɓa haihuwar irinta sau ɗaya. Ka san Malam Yahaya mai allura?"

Alhaji Nasiru ya mayar da takardar aljihu. Ya san Malam Yahaya. Abin da bai sani ba sai ranar shi ne wanda ya jera haruffan.

Da ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa sai ya ce, "To ni ɗan aike ne. Ya ce in ba ka yi ba, ƙarshen wata yana son shagonshi."

"Shagonshi ne. Ka gaishe shi."

"Taurin kan nan naka, tun muna yara."

"Gado ne. Ta wajen uwa na samo shi, gidanku."

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. An zo an kwashe aikin fosta da ke kan layi aka kai wani wuri. Wasu da suka saba tsayawa su gaisa bayan sallar la'asar suka koma ɗaga hannu daga nesa. Wani maƙwabcin shago ya ce masa a gabana, shi bai ga abin da zai sa mutum ya rasa wurin cin abincinsa saboda maganar wani addini ba. Malam Iro ya ce masa ba saboda maganar wani ba ne, saboda sunan kansa ne. Mairo kuwa, da na je gaishe ta a gida, cewa ta yi ita ta daina ba shi baki tun shekarar da ya ƙi cire layin daga katin auren ɗiyarsu ta fari. "In ya yanke ma," in ji ta, "ni zan sha zama da shi. Gara shagon ya tahi."

Gwajin da ya fi wuya bai zo daga wurin Honorabul ba. Ranar Jumma'a da hantsi Malama Asabe ta zo ɗaukar sauran rabin, kuma labari ya riga ya kai mata. Ta ƙi zama. Ta ce ta yi magana da Fada, limamin cocinsu, sun yarda a yanke. Su saƙon suke so ya isa ƙauyuka, kuma saƙon ba zai ragu da komai ba in an rage faɗin yatsa. Ba za su so a ce ta dalilinsu dattijo ya rasa shagon da ya yi shekara talatin a ciki ba.

"Malam, don Allah. Ni na kawo maka wannan wahala. Ka bar ni in ɗauke ta."

Malam Iro ya kwance ɗauri ɗaya, ya zaro kwafi, ya ɗauki ɗaurin gaba ɗaya ya kai kan injin yanka. Ya daidaita gefensa da tafin hannu yadda ya saba, ya matso da shi har layin sunan ya shiga ƙarƙashin wuƙar. Na ɗauka ya sauko ne. Ya tsaya yana kallonsa, hannunsa a kan mariƙin.

Sai ya ce, "Malama, karanta mani layin ƙarshe na bishop ɗinku."

Ba ta buƙaci dubawa ba. "Kowa ya tsaya a bayan aikinsa, ya amsa sunansa."

"To kin ji. In buga wannan da hannun dama, in yanke sunana da na hagu? Ai sai takardar ta yi mani dariya." Ya janye ɗaurin daga ƙarƙashin wuƙar, ya sake ɗaure shi da igiya, ya ja ƙulli. "Ki gaya ma Fada na gode. Ku kuna da ikon maganarku, ni ina da ikon layina. Ina mai Keke Napep ɗin? A zo a ɗauka."

Ranar ƙarshen wata, da safe, aka fitar da injin. Sai da aka cire ƙyauren shagon. Majiya ƙarfi takwas suka ɗora shi a kan bututun ƙarfe suna mirginawa taku taku zuwa bakin motar da za ta kai shi zauren gidansa a Ƙofar Kaura. Mutane suka taru suna kallo, wasu na ba da shawarar da ba a tambaye su ba. A daidai hawan titi injin ya ƙi gaba, ya fara komowa baya.

Farar motar nan na tsaye a tsallake tun ɗazu. Sai ga Alhaji Nasiru ya fito, ya tuɓe babbar riga ya jefa a kujera, ya zo ya sa kafaɗa.

Malam Iro, yana nishi, ya ce, "A'a, bawana ya tuna aikinshi."

"Rufe mani baki ka tura. Don Inna nike yi, ba don kai ba."

"Honorabul na ganinka."

"Ya gani. Ce mashi zan yi na zo tabbatar da ka hita."

Injin ya hau.

Honorabul ya ci zaɓensa ya koma kujerarsa. Tankin na nan yadda yake, masu kura na hutawa a gindinsa. Shagon na uku yanzu ana sayar da kayan waya a ciki. Takardar nan marar suna dai ba ta fito ba, ko don ba a samu mai bugawa ba, ko don wanda aka aika da ita bai kai ta ko'ina ba. Na tambayi Alhaji Nasiru sau ɗaya, ya ce shi bai san wace takarda nake nufi ba.

A zauren Ƙofar Kaura aiki ya ragu, ba a ɓoye wannan. Ba titi ba ne, sai wanda ya san hanya. Fosta ta daina zuwa. Katin aure da kalanda da takardun Islamiyya suna zuwa jefi-jefi, kuma Mairo na ƙorafin ƙarar inji ta hana kajinta sakewa.

Watanni bayan haka na tarar da shi yana duba gwajin wani aiki. Malama Asabe ce ta dawo, wasu coci-cocin ƙauye sun nemi a ƙara buga masu wasiƙar don su ajiye. Ya miƙo mani kwafi, tawadar ba ta gama bushewa ba. Na kai ido ƙasa: "An buga a wurin Iro, zauren gidansa, Ƙofar Kaura, Katsina."

Na ce, "Baba, kamar haruffan sun fi na da girma."

"Na ƙara masu kaɗan," in ji shi, yana mayar da tabarau. "Idon Nasiru ya hwara rauni. Kada ya sha wahalar nemana."